Watan da Muka Ware wa Yaro Tukunya

A shekarar da babban ɗana ya sami gurbin karatu a Kano, gidanmu ya rabu biyu a kan inda zai zauna. Shi yana so a kama masa ɗaki kusa da makaranta, a damƙa masa abincinsa da kuɗin cefanensa a hannu, ya ji da kansa. Mahaifiyarsa kuwa ta riga ta gama magana da yayata da ke aure a cikin birni, cewa can zai sauka, ya ci abin da aka dafa, ya kwanta inda aka yi masa shimfiɗa.

Sai mutum ya san yayar tawa zai gane abin da ya sa yaron ya daina dariya tun ranar da ya ji wannan shiri. Mace ce mai kirki ƙwarai, irin kirkin da ba ya barin mutum ya sha iska. In aka kira ka a waya a gidanta, sai ta ji wane ne, ɗan gidan wa, kuma me ya hana shi zuwa da ƙafarsa. Ni kaina, da furfurata, in na kai mata ziyara sai na yi bayanin inda na tsaya a hanya. Yaron yana son Gwaggonsa, amma ya fi sonta daga nesa.

Ni malamin makaranta ne. Na daɗe ina hawa babur daga Gaya zuwa Ajingi ina koyar da 'ya'yan mutane, kuma cutar malami ita ce ba ya yarda da abin da bai jarraba ba. Da gardama ta yi tsawo sai na ce a dakata, za a yi jarrabawa.

A wajenmu idan saurayi ya yi aure, yakan ɗauki lokaci shi da amaryarsa suna ci daga tukunyar gidan ubansa. Sai ranar da aka ga ya yi ƙwari a ware masa tukunya, a auna masa hatsi, a ce daga yau kai da iyalinka. Ban taɓa jin an ware wa wanda bai ajiye mata ba, amma ban ga littafin da ya hana ba. Akwai wani shago a jikin soronmu, ƙofarsa tana kallon hanya. Na ce ya koma can na wata guda. Zan auna masa abincin wata, in ba shi ɗan abin cefane, shi zai dafa, shi zai wanke. In wata ya ƙare bai shigo cikin gida neman abinci ba, ɗaki ya tabbata. In ya shigo, ko da loma ɗaya ce, sai gidan Gwaggo.

Mahaifiyarsa ta dube ni. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, “Malam, yaron nan da ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba?”

Na ce, “Ai shi ya sa.”

“In ya ƙone mana soro fa?”

“Sai mu san ba a Kano ya ƙone na mutane ba.”

Shi kuwa gogan har ya fara kwashe kayansa, yana murmushi kamar wanda aka naɗa sarauta.

Ranar kasuwar Ajingi na goya shi a babur muka tafi. Na sa shi a gaba ya yi cinikin da kansa, ni ina baya. A wurin mai shinkafa ya tambayi kuɗin kwano, aka faɗa masa, ya zura hannu a aljihu. Na riƙe hannun. Mai shinkafa, wanda ya san ni, ya ce, “Malam, ka bar yaro mana, yau Allah ya kawo min mai tausayi.” Muka zaga kasuwar sau biyu kafin ya gane cewa kuɗin da aka fara faɗa gaisuwa ce kawai. Muka sayi shinkafa da wake da garin kwaki, da man gyaɗa da manja, da yaji da gishiri, da gawayi. Kurfoti da tukunya kuwa daga ɗakin uwarsa suka fito.

A hanyar dawowa na yi masa darasi mai kyau, wanda har yanzu nake ganin ya kamata a ce wani ya rubuta. Na yi masa bayanin bambancin abin da ciki ke buƙata da abin da ido ke so. Na ce ya raba kayan a zuciyarsa mako-mako, kada ya taɓa na gobe don yau ta yi daɗi, kada ya saba da cewa mai shago “rubuta,” kada kuɗin cefane ya koma kuɗin data. Yana bayana yana ta “to, Baba,” irin amsar da ɗalibai ke bayarwa a darasin ƙarshe kafin a tashi. Na taɓo komai, sai abu ɗaya da bai faɗo min a rai ba.

Kwanakin farko hayaƙi ne. Shinkafa ta fito rabi ɗanya rabi gawayi. Wake ya ƙi nuna, don gogan bai san shi ake fara zubawa ba. Mahaifiyata, wadda muke tare da ita a gidan, ta dogara sandarta ta leƙo soro ta same shi yana fifita wuta, idanu jawur.

Ta ce, “Maigida, ashe aure ka yi ba ka gaya min ba? Wannan baƙar amaryar taka mai ƙafa uku, ita ka fifita a kaina?”

Ya ce, “Hajiya, ita ba ta cin goro, ba ta da tsada.”

“To ka ci girkinta. Da ni ce da yanzu ka ƙoshi.”

Na bi ta ɗakinta na roƙe ta kada ta kai masa komai. Ta ce ita ba ta karɓar doka daga wanda ta goya. Da ƙyar ta yarda da wannan kaɗai, cewa ba za ta ɗauki kwano da hannunta ta kai shago ba.

Kafin mako ya zagayo yaro ya iya garau-garau. Gaskiya ya iya. Wake ya nuna luguf, shinkafa ta ware, ya soya man gyaɗa da albasa, ƙamshi ya fita ta ƙofar shago ya tsallaka hanya. A tsallaken hanyar kuwa akwai dakalin da abokansa ke zama, samari da suka gama sakandare tare, kowa yana jiran abin da Allah zai yi da shi. Yaro ya sauke tukunya, ya ɗaga kai, suka haɗa ido. Ya yi abin da na koya masa tun yana rarrafe. Ya ce, “Bismillah.”

Wannan shi ne abin da na manta a darasina. Mu dattawa in aka yi mana tayin abinci mukan ce alhamdulillahi, mu wuce, ko mu ɗebi loma biyu don albarka. Kuma duk wanda ya yi tayi a ƙofar gida, akwai tukunyar gida da rumbu a bayansa. Shi kuwa babu komai a bayansa sai ɗan buhun da ke jingine a lungu, waɗanda ya yi wa tayin kuma suna shekarun da ba a san alhamdulillahi ba sai an ga gindin faranti.

Ranar farko mutum biyu ne. Washegari suka zo da shaidu. Nan da nan majalisa ta tashi daga dakali ta dawo ƙofar shago, har da tabarmarta. Ina zaune a soro ina duba takardun ɗalibai, ina jin su.

“Ciyaman, yau me ake sauke mana?”

“Wallahi hannunka ya fi na yayata. Ita sai ta cika ruwa.”

“Oga, ƙara mai mana, kai fa ba matsiyaci ba ne.”

Shi kuma yana ƙarawa. Na ga fuskarsa lokacin da suke kiransa ciyaman, na gane cewa yabo ya fi data cin kuɗi. Na ci gaba da duba takarduna. Mai sa ido a ɗakin jarrabawa ba ya gaya wa ɗalibi amsa, ko da yana ganin ya kama hanyar daji.

Wata bai raba ba shinkafa ta ƙare. Mai ya bi ta. Kuɗin cefane ya tafi wajen albasa da ƙarin gawayi. Da hayaƙi ya daina tashi, majalisa ta naɗe tabarmarta ta koma dakali, ba tare da wani jawabin bankwana ba. Ya rage daga shi sai garin kwaki da ɗan wake a gindin leda.

Na zaci a ranar zai shigo. Bai shigo ba. Da safe ya jiƙa gari, da rana ya jiƙa gari, da yamma ya canza salo ya jiƙa shi da yaji. A cikin gida kuwa mahaifiyarsa ta daina ajiye min kwanon tuwo, sai dai ta dire shi. In na ce sannu da aiki, sai ta ce, “Wasu dai suna ci.”

Hajiya ta nemo hanyarta. Ba ta kai kwano shago ba, kamar yadda ta yi alkawari. Sai ta aika a kira mata shi, wai ya zo ya duba mata rediyo. Ya zo ya tarar an dama fura da nono an ajiye a tsakar ɗaki, an buɗe faifan.

Ta ce, “Maigida, na dama kuma ta fita raina. Shanye min kada ta yi tsami.”

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ina tsakar gida ina alwala, ina kallonsa ta gefen ido. Ya dubi furar, ya dubi inda nake.

Ya ce, “Hajiya, wannan furar hanyar gidan Gwaggo ce.”

“Ubanka ba ya gani.”

“Yana gani. Tun ɗazu yake wanke hannu ɗaya.”

Ya gyara mata rediyon da ba abin da ya same shi, ya fita. Hajiya ta fito ta tsaya a kaina ta ce ita dai ba ta san inda na samo wannan taurin zuciya ba, don ubana mutum ne mai tausayi.

A ranar bayan la'asar na shiga shagon. Ya share shi tas, don ba abin da zai ɓata shi. Na zauna a bakin katifa na tambaye shi ina shinkafa.

Ya ce, “Baƙi, Baba.”

“Baƙi daga wace ƙasa? Na ga kamar ɗan gidan makwabcinmu ne shugaban tawagar.”

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya ce, “To Baba, in ce musu kada su ci? Ko in rufe ƙofa in ci ni kaɗai suna jin ƙarar cokali? Kai ka taɓa cin abinci a ƙofar gida ba ka ce bismillah ba?”

Na daɗe a aji, ɗalibai sun sha yi min tambayar da nakan ce a bari sai gobe. Wannan tana cikinsu. Ba na so in tura Kano yaron da zai kwana da yunwa saboda kunya. Amma ba na so kuma ya dawo min mutumin da ke jiran a watse kafin ya buɗe tukunya. Da zan zaɓa tsakanin biyun, ban san wanda ya fi muni ba.

Da na rasa amsa sai na yi abin da tsofaffi ke yi, na ba shi labarin da. Na ce a wannan ƙofar, zamanin kakansa, magidanta da yawa ke cin abinci tare kowace yamma. Ciyayya ake ce mata. Kowa kwanonsa na fitowa daga gidansa, a jera, a fara da na wannan a gama da na wancan. Mai tuwon dawa ya ci na shinkafa, mai na shinkafa ya ci na dawa, ba wanda ya talauce. Ni dai na faɗa ne don in tashi da mutuncina. Na fito na bar shi yana kallon kurfoti.

Washegari da hantsi ya hura wuta ya ɗora sauran waken nan, ba shinkafa, ba mai. Ya tsallaka dakali da kansa. Ina soro, kuma ba na jin kunyar cewa na kasa kunne.

Ya ce, “Jama'a, ga wake can a wuta. Ni nawa ke nan. In akwai mai shinkafa a yi garau-garau, in babu kowa ya zo a ci gaya.”

Wani ya ce, “Haba ciyaman, yanzu haraji aka sa?”

“Ba haraji ba ne. Kun cinye gwamnati, yanzu sai taimakon kai da kai.”

Suka yi dariya, wasu suka tuna suna da aike. Waɗanda suka tafi ba su dawo ba, kuma na lura ciki har da mai yawan cewa a ƙara mai. Amma kafin wake ya nuna sai ga ɗaya da shinkafa a leda, ga wani da mai a ƙaramar kwalba, ga mai albasa a aljihu. Akwai ɗaya da kowa ya san gidansu ba hali. Shi ba a tambaye shi komai ba, ya ɗauki bokiti ya ɗebo ruwa, bayan an ci ya wanke tukunya, kuma haka aka ci gaba.

Ranar kasuwa ta zagayo, yaro ya bi motar Ajingi ya sami wani kawunsa ɗan ƙauyen Balan da ke awon gyaɗa a kasuwar, ya wuni yana ɗaura buhu yana ɗinkewa. Ya dawo da yamma da ciwon baya da abin da zai kai shi wani makon. Na ga yadda ya zuba mai a ranar, kamar mai ɗiga maganin ido.

Na fara tafiya a tsakar gida ina gyaran murya, irin ta wanda tsarinsa ya yi aiki. Sai ga sallama. Matan unguwa ne su uku, suka shige wajen mahaifiyarsa. Ba a jima ba aka aiko a kira ni. Na tarar da ita tana zaune, fuskarta ta yi haske irin wanda ban gani ba tun farkon wata.

Babbar cikinsu ta ce, “Malam, an ce ka buɗe gidan abinci a soro. Allah ya sa albarka. Amma mu ne ke ba da jari ba mu sani ba. Ni shinkafata kullum tana raguwa, har na fara zargin ɓera. Ashe ɓera ne wanda gemu ya fara fito masa.”

Ta biyu ta ce ita man gyaɗarta ne ke raguwa. Ta uku ta ce ita ba ƙara ta kawo ba, ta zo ne ta ga tukunyar da ɗanta ke wankewa, don a gida ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗauke wa.

Na ba da haƙuri iya iyawata, mahaifiyar yaro tana taya ni da “ai na faɗa masa.” Aka kira samarin aka tsayar da magana: ba wanda zai ƙara ɗibar komai sai ya tambaya. Da aka zauna aka duba, iyayen ma ba su ƙi ba. Wanda zai ci a soro, uwarsa ta auna masa rabonsa ɗanye, ta rage a tukunyarta. Haka aka ƙarasa watan, da albarkar iyaye mata da kuma tsegumin unguwa.

Ranar yanke hukunci muka zauna a ɗakin Hajiya. Mahaifiyarsa ta fara. Ta ce abinci na wata aka ba shi, bai kai rabin wata ba, wannan ko a makarantar Malam faɗuwa ce. Na ce sharaɗin shi ne kada ya shigo neman abinci, kuma bai shigo ba, ga Hajiya nan shaida. Hajiya ta ce ita kada a sa ta a ciki, furarta ce ta yi tsami.

Mahaifiyarsa ta ce, “A nan unguwarsu ce, Malam. Kowa ya san uwar kowa. A Kano wa zai auna wa wani shinkafa? Su cinye masa su watse, ya zauna yana jiƙa gari, ba mu sani ba.”

Gaskiyarta. Sai yaron ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

Ya ce, “Umma, ina da roƙo. In an yarda da ɗakin, kada a ba ni kayan duka lokaci guda. In buhu yana cike a gabana, bakina ba ya iya shiru. A riƙa aiko min kaɗan-kaɗan a motar kasuwa. Kuɗin ma haka. Kuma a nemi ɗakin da ƙofarsa ba ta kallon hanya.”

Uwar ta dube shi. Da ya ce mata ya iya, ya ƙware, ba abin da zai faru, da ta ƙi. Amma ya faɗi inda yake da rauni da bakinsa, ya kuma faɗi maganin. Ta juya ta kama gyara ɗankwalinta.

Ta ce, “To. Amma ni ba zan gaya wa Yaya ba. Wanda ya ƙirƙiro jarrabawa shi zai kai sakamako.”

Haka na shiga mota na tafi birni, ni da yaron. Yaya ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, abin da ya fi tsorata ni.

Ta ce, “Wato gidana kurkuku ne.”

Na ce, “Haba Yaya, wa ya isa ya ce haka?”

“Na share masa ɗaki. Na sa an ɗinka labule.”

Ta juya kan yaron. Ta ce ya matso. Ta ja wuyan rigarsa ƙasa ta duba ƙashin wuyansa, ta ja tsaki.

“Dubi abin da suka mayar da kai a wata guda. To ka ji nawa sharaɗin, tunda kowa a gidanku ya zama mai kafa doka. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, nan za ka zo. Zan duba wuyan nan. Ranar da na ga ramin ya fi haka zurfi, ba zan kira ubanka ba. Adaidaita sahu zan ɗauka in zo in kwashe kayanka da kaina, a gaban abokanka.”

Ya ce, “Na yarda, Gwaggo.”

“Ba tambayarka na yi ba.”

Aka kama masa ɗaki a can ƙuryar wani gida, sai an wuce rijiya an karya kwana. Mahaifiyarsa ce ke ɗaure saƙon da kanta duk ranar da mota za ta tashi, kuma ba na tambayar abin da take cusawa a ƙasan leda. Yaya takan kira ni ranar Juma'a da yamma ta ba ni rahoton wuya. Ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba. Takan ce da sauransa, kuma wai ya fara zuwa da riga mai maɓalli har sama, yana tsammanin ita yarinya ce. Amma har zuwa wannan Juma'ar da ta wuce, ba ta tare adaidaita sahu ba.